Shekarar da Na Ji da Haƙorana

Da sunan Allah nake tsoma alƙalamin nan, shi da ya ba ni hannu ya kuma bar mini shi har tsufa. Wannan babi na babanku ne, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Kun tashi kun tarar ana ce masa Mai Garmaho, kun kuma sha jin labarin da 'yan garin nan suke bayarwa, wai akwai wani mutum a Matameye da ya yi rani uku yana cin wuya a Kano, ya zo ya kwashe abin da ya tara kaf ya sayo wa matarsa kurma akwatin kiɗa. Ɗaya daga cikinku, ya san kansa, na gan shi da idona a wurin wani biki yana taya masu dariyar dariya. To ku gyara zama ku ji daga bakin kurmar, don ni ce ita, kuma ban mutu ba tukuna.

Abin ya faru Faransa na mulki, saura 'yan shekaru kaɗan su tattara su tafi. A zamanin, da an gama girbi an kai gyaɗa awo, sai mazan garinmu su watse cin rani, wasu Kano, wasu Jos, masu ƙarfin hali har Ikko. A bar gari daga mata sai tsofaffi sai awaki. Mace tana da magana da mijinta, ba ta da hanya sai takarda, takarda kuwa sai wurin wani malami da ke zama a bakin kasuwa. Hannunsa da kyau, ban hana masa ba, amma cikinsa ba ya ajiye magana. Mace ta aiki tsohuwa da saƙo da safe, kafin azahar mahauta sun san wadda ke da ciki da wadda hatsi ya ƙare wa. Ni kuwa mahaifina malami ne a Yauri ta nan kusa da mu, Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya zaunar da ni ya koya mini ajami har hannuna ya fi nasa tsabta. Shi ya faɗa, ba ni ba. Da aka kawo ni gidan nan, maƙwabciyarmu Indo mai ƙuli-ƙuli ta leƙo ta katanga ta gan ni ina rubuta wa babanku takarda, kuma abin da Indo ta gani unguwa ta gani. Kafin mako ya zagayo mata sun fara sallama. Ba wanda ya ɗauke ni aiki, ba ni da ubangida, ba ni da rumfa a kasuwa. Tabarma ce a ƙofar ɗaki, da kurtun tawadar bagaruwa da nake dafawa da kaina, da alƙaluman kara da nake feƙewa. Mai daddawa ta kawo daddawa, mai man gyaɗa ta kawo mai, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, su tafi da takardun. Kai, na ji daɗin shekarun nan! Yarinya ce ni, ban kai ashirin da biyar ba, amma tsofaffi suna tuɓe takalmi suna ce mini Malama.

Mutane suna zaton aikin a hannu yake. A kunne yake. Mace in ta zo za ta fara da gaisuwa, ta ce a gaya masa akuya ta haihu, katangar baya ta zube, uwarsa ta yi tari amma da sauƙi. Duk wannan share fage ne. Ainihin abin da ya fitar da ita daga gida ba za ta faɗe shi tana zaune ba. Sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta kai bakin ƙofa ta juya mini baya, sannan ta sake shi ƙasa-ƙasa kamar ba da ni take ba: wai ko ya yi wani aure a can, wai ba ta ga wata ba tun tafiyarsa, wai ta gaji. Wannan nake jira, shi ya sa ban taɓa tsoma alƙalami ba sai na ga bayan mace. In ta faɗa, sai in kira ta ta dawo, in sa shi a tsakiyar takarda inda mijin ba zai iya tsallake shi ba. Zagi nakan cire, amma fushi nakan bar wa mai shi abinsa. Maza da yawa sun dawo gida kafin lokaci saboda layi ɗaya da na kama a bakin ƙofata.

A shekarar da nake ba ku labari, babanku yana rani na uku a Fagge, wurin wani tela da yake koya masa ɗinki. Shirinsa kowa ya sani: a wannan karon zai sayo keken ɗinki, ya kafa shi a zaure, ya daina tafiya. Tsakiyar sanyi mura ta kama ni, murar ta zama zazzaɓi, zazzaɓin ya sauka a kunnuwana duka biyu. Ciwo ne da ba na yi wa maƙiyi fata. Suka kumbura, suka fashe, mugunya ta yi ta zuba. Daga ni sai kakarku Iya a gidan, uwar babanku, tsohuwa mai ƙarancin magana, wadda ko kaza za ta kora ba a jin muryarta a ƙofar gida. Tsakanina da ita kunya ce irin ta da: ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa kallon tsakar idonta ba. Ta yi jinyata tsakani da Allah. Matsalar ita ce matan da na yi wa rubutu. Kowacce ta ji Malama ba lafiya sai ta taho da maganinta a ƙunshe, kuma wa ya isa ya ce wa mai dubiya ta koma da abin da ta kawo? Wannan ta ɗiga man shanu, waccan ta matsa ruwan ganye, wata ta hura garin sassaƙe, wata daga Dungu ta taka da ƙafa ta kawo man kaɗanya da aka yi wa tofi. Kunnuwana suka zama tukunyar miyar unguwa. Da abin ya ƙi, Iya ta aro jaki ta kai ni gidan likita. Anfirme, wato malamin asibiti, ya leƙa kunnen, ya juya ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ni dai bakinsa kawai nake gani yana motsi. Ya wanke, ya yi mini allurai na kwana da kwanaki, ya hana a sake zuba ko ruwan sanyi. Ciwo ya tafi, mugunya ta bushe, na tashi na ci tuwo. Amma kunnuwan sun toshe gam.

Zakara ya buɗe baki a gabana, shiru. Ana daka a tsakar gida, a tafin ƙafata nake sani. Abin haushi, ƙarar kaina kuwa har ta yi mini yawa: in na haɗiyi yawu ina ji, in na tauna ƙuli-ƙuli sai ka ce dutse ake fasawa a cikin kwanyata. Mata suka gwada dawowa. Ta farko da ta zo, wata baiwar Allah mai kunya, na yi ta ce mata ta ƙara murya, ta ƙara, ta ƙara, har sai da ta kwarma wa unguwa duka cewa mijinta bai bar mata ko zangarniya ɗaya ba, ni kuwa ban ji ba. Na ga fuskarta lokacin da ta lura kawuna sun jeru a kan katanga. Ta ja mayafi ta fita, ba ta sake taka gidan nan ba sai bayan shekara. Daga ita ba wadda ta ƙara zuwa. Suka koma wa malamin bakin kasuwa, tawadata ta bushe a kurtu har ta tsage. Zan gaya muku gaskiya, ban ɗauki ƙaddarar nan da kyau ba. Na yi fushi da kowa, na daina fitowa, na jefi Indo da ludayi ranar da ta zo tana mini bebanci da hannu. Da na gaji da kuka sai na jiƙa tawadar na rubuta wa babanku, don shi ya taɓa allo yana ƙarami, yana iya karatu, rubutunsa ne dai Allah ya sawwaƙe. Takarda mafi gajarta da na taɓa yi ke nan. Na ce masa na kurmance, ba na jin komai a duniya sai haƙorana in ina tauna, aiki ya mutu, ya sayi kekensa ya dawo.

Ya dawo da bazara, ana hangen hadarin farko. Labari ya riga shi isowa cewa an ga ya sauko daga kamyo da akwati a ka, naɗe cikin bargo, ya hana kowa taɓawa. Keken ɗinki na farko a unguwarmu! Gidan nan ya cika maƙil, har da matan da suka riƙo yadinsu a hammata don su riga kowa. Ya sauke a tsakar gida, ya kwance bargon a hankali, ya buɗe murfi. Ba keke ba ne. Garmaho ne, abin da mutanen Damagaram suke ce wa fono, baƙi, da hannun murɗawa a gefe, da fayafayai uku a cikin tsumma. Abin da aka faɗa a wurin ban ji ba, Indo ce ta ba ni daga baya, kuma Indo ba ta rage labari. Ta ce Iya ce ta fara magana.

"Ina keken?"

"Babu keke, Iya. Wannan na sayo."

"Da duka?"

"Da duka."

"Kai da matarka ba ta ji?"

Ta juya ta shige ɗaki ta saki asabari. Ni kuwa da na gane abin da nake gani, sai jini ya hau mini ka. Rani uku! Na buɗe baki na zazzage masa, kuma kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, ashe har bakin rijiya ana jina. Na tambaye shi ko izgili ya sayo mini, ko a Kano ya bar hankalinsa. Ya ɗora faifai, ya murɗa hannun, ya sauke allura. Na ga mutane sun zabura, yara sun ruga bayan uwayensu, tsofaffi suna leƙa ƙarƙashin akwatin ko za su ga mai waƙar. Ni ba abin da nake gani sai baƙin faifai yana juyawa. Sai ya durƙusa ya rubuta a ƙasa da yatsa, da munanan baƙaƙen nan nasa: ki ciji nan. Ya nuna kusurwar akwatin. Na ce Allah ya kiyaye, ni 'yar malam in ciji katako a gaban jama'a? Sai ga babanku, magidanci da gemunsa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya turo baya sama, ya kafa haƙora a kusurwar akwatin yana kallona ta gefen ido. Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya, na ga Indo ta riƙe ciki tana bubbuga katanga. Wallahi ba don na yarda na durƙusa ba. Kunyarsa ce ta kama ni, na ce gara a yi mana dariyar mu biyu.

Na ciza. 'Ya'yana, kalangu! Kalangu ne ya taso ta haƙorana na sama, ya bi muƙamuƙi, ya cika mini kai taf. Bayansa sai ga muryar mace, siririya, tana waƙa da Hausa, kuma ina jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ina gane su. Na saki da tsoro, duniya ta koma shiru. Na sake ciza, ga ta nan ba ta tafi ba, tana tsakiyar baiti. Na saki, na ciza, na saki, na ciza, sai ka ce mahaukaciya. Hawaye da yawu suka jiƙa akwatin. Wata huɗu rabona da muryar ɗan Adam! Faifan ya ƙare na damƙi hannun rigar babanku na ce ya sake, ya sake, na ce ya sake. Aka sa na biyu, kiɗan mutanen kurmi ne mai ƙahoni, na ji shi har cikin cibiyata, ƙafafuna suka kama rawa a durƙushe ba da izinina ba. Na uku waƙar Indiya ce, ban gane ko kalma ɗaya ba, na yi ta kuka don daɗi. Sai da allura ta dakushe aka canza wata. Da na ɗago, na ga ba mai dariya a tsakar gidan, wasu matan ma suna share ido da bakin mayafi.

A 'yan kwanakin da suka biyo ya yi ta rubuta mini bayanin a allo, ina gyara masa baƙaƙe ina karantawa. Ashe kusa da rumfar telan nan na Fagge akwai wani dattijo mai gyaran garmaho, kurma ne tun yana saurayi, kuma in ya gama gyara da haƙori yake gwadawa. Da takardata ta isa, babanku ya tsaya a kan layin nan da na rubuta don haushi, cewa ba na jin komai sai haƙorana. Ya kai wa dattijon, suka yi ta fama da hannu da rubutu, dattijon ya nuna masa cewa wanda ke jin taunarsa kunnensa bai mutu ba, ƙofar ce kawai ta rufe, kuma murya tana iya bi ta ƙashi. Na tambaye shi me ya hana ya aiko mini da wannan a takarda ya riƙe kuɗinsa. Abin da ya rubuta ban manta ba:

"Na san ki. Da kin ce na haukace, ki yaga. Kuma ba na son ki ƙara kwana a gidan da ba murya."

Gidanmu ya zama dandali. Daga la'asar zuwa dab da magariba, don liman ya aiko an sa mana iyaka, tsakar gidan nan ba wurin sa ƙafa. Samarin da suka dawo daga Kano suna zuwa da hular kaboyi a karkace suna tafiya suna buɗa ƙafa irin ta mutanen sinima. Babanku yakan tashi ya kwaikwayi wani fim da ya gani, shi ne ɓarawon, shi ne dokin, shi ne matar da aka sace, kuma ni na fi kowa ganewa don da jiki yake yi. Indo ta haddace waƙar Indiyar nan da nata yaren, tana tuƙa ƙuli tana rerawa. 'Yan mata suka ɗauko salon mai kalangun suka kai shi gaɗa. Ni kuwa wurina daban ne, a kusurwar akwati, har haƙorana suka yi masa gurbi. Amma daɗin nan duka bai rufe mini ido ba. Garmaho abin da ke cikin faifai kawai yake faɗa, ba zai gaya mini abin da ke cikin zuciyar maƙwabciyata ba. A waje ana ta yi wa babanku waƙar zambo, Iya kuwa tsakaninta da shi gaisuwa ce kawai. Na san in dai ban koma kan tabarmar rubutuna ba, to mutanen gari ne da gaskiya, ya zubar da rani uku don a yi rawa.

Allah ya kawo mafita ta hanyar fura. Ranar nan damina ta yi nisa, ina zaune ina sha a wata tsohuwar ƙwarya, na kafa haƙora a bakinta, Indo ta sunkuyo a kaina tana surutunta da ta saba ko ana ji ko ba a ji. Sai na ji wani zuuu a haƙorana, a cikinsa kuma kalma guda tsaf: gishiri. Na zubar da furar a jikina. Na kife sauran, na ciji bakin ƙwaryar, na jawo kan Indo na cusa fuskarta a ciki na ce ta sake. Ta ce gishiri ta zo ara. Na ji! Na maimaita mata, ta kurma ihu, na ji ihun ma. Daga ranar muka zama mahaukata biyu. Indo ta bi gida-gida tana aro duk wani abu mai baki. Tasa ta cika amo, kalmomi suna narkewa a ciki. Akushi ya yi kauri. Ludayi ya yi ƙanƙanta. Tulu kuwa saura kaɗan in bar haƙori a jikinsa. Wadda ta fi ita ce babbar ƙwarya busasshiya, marar ɗinki, marar tsaga, babanku ya zauna da wuƙa ya kankare cikinta har in ka ɗaga ta rana kana ganin haske. Ni in ciji baki ɗaya, mai magana ta sa bakinta a ciki, goshinmu ya kusa haɗuwa. A cikin ƙwaryar nan na fara jin muryar babanku, kuma abin da ya fara faɗa mini shi ne wai miyar jiya ta yi yaji.

Kaka ta yi, aka kai gyaɗa awo, maza suka ɗaura kaya. Babanku ma ya ɗaura, shi da ya yi rantsuwa ya gama tafiya. Ku san wannan: sai da ya ƙara rani shida a Kano, kuma kafin ya sake tara na keke teloli uku sun kafa a garin nan, bai taɓa zama telan da ya so zama ba. Ban taɓa jin ya ambata ba. Kunnena na hagu kuwa ya buɗe da kansa a shekara ta gaba, ina atishawa na ji ya yi ɗas, na dama har yau yana nan yadda kuka san shi. Amma a kakar nan ban san zai buɗe ba. Abin da na sani shi ne na dafa sabuwar tawada, na feƙe alƙaluma, na shimfiɗa tabarma, na ajiye ƙwarya, kuma ba wadda ta zo. Mako ɗaya, mako biyu. Indo ta yi talla har ta gaji, matan suka ce mata ai ke muryarki ko a Ɗan Barto ana jinta, ba ƙwarya ba ce, ke ce. Ba su manta da baiwar Allahn nan da ta tona kanta a gidana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni kaina ina tsoro, don duk waɗanda na gwada da su masu ɗaga murya ne, aikina kuwa da maganar da ake faɗa ƙasa-ƙasa yake.

Wata safiya da hantsi ina zaune ina korar ƙuda, sai na ga inuwa a kan tabarma. Iya ce. Na yunƙura zan tashi in ba ta wuri, ta yi mini alama in zauna, ta zauna ita ma a kan tabarmar, gwiwarta tana taɓa tawa. Ta ɗauki ƙwaryar da hannunta ta miƙo mini. Na ciza, ta sunkuyo, fuskar da na yi shekara bakwai ina kauce wa ga ta nan dab da tawa, har ina jin ƙamshin goronta. Ta yi magana da muryar nan tata da ba ta kora kaza. Na danne haƙora har dasashina ya yi zafi, na rufe ido, sai ga ta tana zuwa, 'yar siririya amma a fili. Takarda take so zuwa ga autanta, baffanku Ilu. Shekara huɗu ke nan da suka yi wata mummunar sa'insa ya fita zuwa haƙar kuza a Jos, ta ce kada ya sake tako mata gida, daga nan ba a ƙara ambaton sunansa a gabanta ba. Wani direba ne ya gaya mata inda yake. Ta ce a gaishe shi. Ta ce gero ya yi kyau bana, wake ne bai yi ba. Ta ce an gyara rufin zaure. Sai ta janye fuskarta, ta dafa ƙasa za ta miƙe.

Na san abin da zai biyo. Za ta kai bakin ƙofa, ta juya baya, ta faɗi abin da ya kawo ta, ni kuwa ba zan ji ba, in aika wa mutum labarin wake bayan shekara huɗu. Sai na yi abin da ba suruka da ke yi. Na kama wuyan hannunta.

"Iya, ki gafarce ni. Abin da za ki faɗa a bakin ƙofa, ki faɗe shi a nan."

Ta dube ni, na dube ta, karo na farko. Na ɗauka za ta fizge. Sai ta koma ta zauna, ta ɗaga ƙwaryar na ciza, ta sa fuskarta a ciki sosai yadda ba zan ga idonta ba. Muryar ta ƙara yin ƙasa, amma ko harafi bai kuɓuce mini ba.

"Ki ce masa maganar da na faɗa ran nan na janye ta. Ki ce masa ni ce da laifi. Ya zo gida."

Na rubuta, ban ƙawata ba, ban ƙara ko gishiri ba. Sannan na karanta mata, yadda nakan yi wa kowa kafin in naɗe takarda. Da muryata ta fara tashi sai ta matsa mini gwiwa, in sauke, ta sake matsawa, in ƙara saukewa, har muka kai ƙarshe ba wanda ya leƙo ta katanga. Na ɗauki ƙwaryar na ciza ina jiran hukunci.

"Haka na ce," in ji ta.

Ta ajiye ƙwaryar, ta kama bakin zanenta ta share mini leɓe, ashe dasashina ya fashe jini yana zuba ban sani ba. Ta miƙe ta nufi katangar su Indo. Na ga ta ɗaga kai, na ga wuyanta ya miƙe, na ga kaji sun watse. Indo ta ce tunda take ba ta taɓa jin tsohuwar nan ta ɗaga murya ba sai ranar, har sai da ta saki muciya.

"Indo! Je ki gaya wa matan unguwa Malama tana ji."

Kafin azahar an fara sallama. Kafin la'asar tabarmar ba wurin zama, wasu suna tsaye a zaure suna jiran a miƙa musu ƙwarya, kuma tawadar da na dafa ta ƙare mini a tsakiyar takarda ta tara.